Abin da Tanko Ya Bar Mini

Kwanakin baya na hau kabu-kabu zan je asibiti a duba mini idon nan da ya fara yi mini gardama. Mai babur ɗin ya bi da ni ta bayan tsohon bariki, sai na ga babu ɗakin da na yi aikin soja a cikinsa. Na ce ya tsaya. Ya tsaya yana ƙunƙuni don rana ta yi, ni kuwa na sauka ina ta kallon fili. An share wurin ƙal, an jera rumfunan kwano, wani yana sayar da katin waya, wani yana cajin wayoyi da ɗan janareto, wata tana suyar awara. Ko tubali ɗaya ba a bari ba. Na tambayi mai cajin ko ya san abin da ke wurin a da, ya ce shi tun da ya buɗe ido kango ne da awaki ke kwana a ciki. Ban ga laifinsa ba. Na koma kan babur muka wuce, amma raina ya ɓaci har likita ya tambaye ni ko idon ne ke ciwo haka.

Yanzu saƙo ba shi da murya. Jikokina za su zauna gabana a tsakar gida, kowa ya sunkuyar da kai yana shafa gilashi da babban yatsa, wai hira suke yi da mutanen Legas, kai da ke kusa ko tari ba ka ji ba. Mu a namu zamanin saƙo sai ya cika ɗaki kafin ya shigo. Injin aika saƙon zai fara gunji ƙasa-ƙasa, ƙararrawa ta buga, sannan ƙarafa su hau dukan takarda har tebur yana rawa, har kofin shayin da ka ajiye ya kama hanyar faɗuwa da kansa. Ɗakin warin man inji yake yi da na takarda mai maiƙo. Ƙasa kuma kullum cike take da 'yan ɗigon takarda da injin ke hudowa, ƙanana kamar tsabar acca, su shiga gashi, su shiga aljihu, ka je gida matarka ta yi ta kakkaɓe su daga wuyan rigarka tana mita. Ban taɓa zaton zan yi kewar wannan hayaniya ba. Ga shi ina yi, ko da yake ita ce ta hana ni sakat har tsufana.

Mu biyu muka shiga aikin, ni da Tanko. Gidajenmu suna kallon juna a Manga, ƙauyenmu na kusa da Zuru. Tare muka yi kiwon awaki a gindin dutse, tare muka sha bulalar malamin mishan, tare muka yi kokawa, kuma duk wanda ya ce muku ya taɓa kayar da ni bai lura ba ne, santsi ne ya kwashe ni. Da ya isa aure ya ce ƙanwata Rifkatu yake so. A wajenmu ba a ba mutum mata don ya iya zance. Sai ya yi golmo, wato ya tattaro sa'o'insa su yi ta noman gonar uban yarinya, damina bayan damina, har tsohon ya gamsu. Tanko ya yi wa babanmu noma har tafin hannunsa ya daina jin ƙaya. Ni da ya kamata in zauna a inuwa ina nuna masa inda ya bar ciyawa, sai ga ni cikin layi ina taya shi, don ba na iya ganin an bar shi a baya. Aka ba shi Rifkatu. Ba a daɗe ba yaƙi ya tashi, samarin ƙasarmu suka yi ta tafiya aikin soja kamar yadda iyayenmu suka yi. Da aka ga mun iya karatu da rubutu sai aka ware mu, aka ce mu sojan sigina ne. Mun ji haushi ranar nan. Mun so bindiga, aka ba mu tafireta.

Ba tafireta ba ce irin ta akawu. Ita wannan idan ka danna harafi a nan, 'yar'uwarta da ke can wani gari ce za ta buga shi, ta waya ko ta iska, wato rediyo. Kowane harafi yana da yadda ake huda shi a jikin wani siririn tef na takarda. Gurbi biyar ne a jere a kowane layi, wani a huda, wani a bar shi, yadda hudar ta zauna shi ne harafin. Wanda ya saba yana iya ɗaga tef sama ya karanta da ido. To a nan damuwar take, don abin da ka watsa a iska duk mai irin injinka zai iya kamawa. Shi ya sa aka haɗa mana wani akwatin ƙarfe a gefe, mai cin wani tef na daban da ake kira mabuɗi. Shi mabuɗi cike yake da huda, amma ba ya cewa komai. Ba Turanci ba ne, ba lissafi ba ne, babu tsari a cikinsa ko kaɗan. An ce ma waɗanda suka yi shi ba su san abin da zai fito ba, inji suka sa ya yi ta hudawa yadda ta faɗo. Naɗi biyu kawai ake yi na kowane mabuɗi, iri ɗaya sak, a rufe kowanne da hatimi, a sa masa lamba, ɗaya a kawo maka, ɗaya a kai wa wanda kake magana da shi. Babu na uku a duniya.

Wani saje ne ya koya mana, gajere, mai jan ido, wanda ban taɓa ganin haƙoransa ba. Da ƙore ya fara. Ya jera guda biyar a kan benci, wasu a kife, wasu a buɗe, ya ce wannan harafinka ne. Ya ce mabuɗi zai zo ya bi su ɗaya bayan ɗaya, inda yake da huda ya juya ƙwaryar, inda ba shi da huda ya bar ta yadda take. Ya juya wasu, ya bar wasu, ya ce to mu karanta. Harafin ya zama wani daban. Ya ce wannan ne zai bi iska, duk mai satar ji ya kwashi shirme. Can ɗaya ɓangaren kuma ɗan'uwan mabuɗin zai sake juya waɗanda aka juya, su kaɗai, sai kowace ƙwarya ta koma yadda take tun farko. Harafi ɗaya, layin mabuɗi ɗaya, tef ya matsa gaba, ba ya komawa baya. Idan naka ya riga na abokinka ko da taki ɗaya ne, shirme za ka yi ta karɓa har ƙarshe. Abin da ya fi nanata mana kuwa shi ne wuta. Mabuɗi sau ɗaya ake hawansa. Da ka gama, ka yanke wanda ya wuce, ka kai garwa a bayan ɗaki ka ƙone, ka dama tokar da sanda. Ya ce idan ka yi tsumulmula ka aika saƙo biyu da mabuɗi ɗaya, mai wayo zai ɗora su a kan juna, mabuɗin ya cinye kansa, asirinka ya fito fili.

"Amma in kun bi doka," in ji shi, "ko ni da na koya muku, ko Baturen da ya ƙera injin, in babu ɗan'uwan tef ɗin, ba mai buɗe saƙonku har tashin duniya."

Muka yi ta jin daɗi, muna ganin an damƙa mana babban abu. Ba wanda ya tsaya ya juya maganar ya dubi bayanta.

Da yaƙi ya ƙare sa'a ta faɗo mini, aka turo ni gida, ɗakin nan na bayan bariki a Zuru. Tanko kuwa aka jefa shi can kudu, wani ƙaramin sansani a bakin ruwa inda sai da kwalekwale ake shiga, shi da ya tashi a kan dutse, wanda ko rafin bayan gari ba ya yarda da shi in ya cika. Da yake mutanen sansanin daga cikinmu aka ɗebe su, ɗakinsa da nawa kusan kullum sai sun yi magana ta iska. Ƙa'ida ita ce a fara a fili, babu mabuɗi. Ka faɗi lambar naɗin da za ka hau, ka jira abokinka ya ce ya ɗora nasa, sannan ku murɗa ku shiga asiri. A wannan ɗan tsakanin muke satar gaisuwa. Ya tambayi dawa, in ce ta fid da kai. Ya tambayi Inna, mahaifiyarsa, ya tambayi Rifkatu da ɗan da ta haifa masa, wanda bai ɗauka ba sai a hutu ɗaya da ya samu. Ko bai sa suna ba na san shi ne, don kowa da hannunsa. Shi Tanko bugun noma yake yi, ya zuba da sauri, ya ɗan ja numfashi, ya sake zubawa, yadda yake sara da garma. Mabuɗi yana ɓoye harafi, amma in mutum da yatsunsa yake bugawa kai tsaye, ba ya ɓoye yadda yatsun ke sauka.

Zuru ta lokacin ba ta kai rabin ta yanzu ba. In mota ta shigo gari kowa ya san ta wa ce. Rabin matan kasuwa matan sojoji ne, kowace da kunnenta a kan hanya. 'Yan kasuwar kudu da suka tafi lokacin tashin hankali sun fara dawowa suna buɗe shagunansu, ana sayen batir a wurinsu, ana gaisawa a hankali, ba wanda ke tambayar wani inda yake a shekarun da suka wuce. Ni kuma ranar Asabar in hau keke in tafi Manga. Kafin in jingina keken Rifkatu ta fito da tsintsiya a hannu ta tambaye ni ko ya yi magana. In ce ya yi, yana gaishe ta, ya ce a aske wa yaro. Abin da ya shiga asiri ba na faɗa, ita ma ba ta tambaya. Matan unguwa har tsiya suke yi mata, wai ita ce mai miji a cikin inji. Amma daga baya gaisuwar tasa ta fara gajarta. Wata rana ya buga mini cewa ruwan wurin yana kiran suna. Wata rana ya ce ya ga wani da muka binne da hannunmu yana sayar da kifi a kasuwarsu. Da yawa daga cikinmu sun dawo daga yaƙi da abin da ba sa faɗa, kuma a lokacin ba mu da sunan wannan ciwo, sai dai a ce wane ya yi shiru. Na roƙa masa hutu wurin hafsanmu, aka ce sai an sami wanda zai canje shi.

Sai ga iskar farkon damina, irin wadda ke gangarowa daga duwatsu da la'asar ba sallama. Ta yaye kwanon ɗakinmu gefe guda, ta kayar da sandar eriya, ruwa ya zuba kai tsaye a kan kabad ɗin ƙarfen da muke ajiye mabuɗai. Da muka buɗe, duka sun tsira sai naɗi ɗaya, wanda ke sama, wanda shi ne na gaba tsakanina da Tanko. Ya sha ruwa ya kumbura, ya manne da kansa kamar tuwon jiya, ko farce ba ya shiga. Doka ba ta bar mana zaɓi ba. Naɗin da ya lalace a ƙone shi nan take, a sanar da ɗaya ɓangaren ya ƙone nasa, a tsallaka zuwa na gaba. Hafsa ya tsaya, na zuba kananzir, ya ci wuta da kyar yana hayaƙi, na dama tokar. Sanarwar ce ba ta tafi ba, don eriya tana kwance a cikin laka. Muka wuni washegari muna haƙa rami, muna ɗaure waya, sai da rana ta karkata sandar ta miƙe.

Ina kunna inji ƙararrawa ta buga. Tanko ne, kamar dama yana zaune yana jira. Bai tambayi dawa ba, bai tambayi kowa ba. Ya buga lambar naɗi, lambar wanda na ƙone jiya. Bai jira na amsa ba, abin da bai taɓa yi ba tun muna gaban saje, ya murɗa ya shiga asiri. Na hau bugawa ina cewa ya dakata, babu wannan, ya koma fili. Amma injin iska in ɗaya yana aikawa ba ya jin ɗayan. Na zare hannuna na zauna ina kallon takarda tana fitowa, haruffa da lambobi a cakuɗe, ba kai ba gindi. Idona bai sami komai ba, sai kunnena. Hannunsa ne, amma ba gudun da na sani ba. Ya fara a hankali, ya ɗan yi sauri, sannan can wajen tsakiya ya tsaya cak. Injin yana ta gunji, ba harafi ko ɗaya. Na ɗauka iska ta ɗauke shi. Har na miƙa hannu zan gwada kiransa sai ya ci gaba, harafi ɗaya-ɗaya, da nauyi, bai kuma yi nisa ba ya ƙare. Sai na ga takarda ta dawo da magana sosai, ya fito daga asiri. Ga abin da ya buga, da manyan baƙaƙen nan na inji:

KA JI KO. NA BAR MAKA.

Daga nan layin ya mutu. Na yi ta kira har hafsa ya dafa kafaɗata ya ce in tashi in sha ruwa.

Sai bayan kwanaki wani hannu ya amsa daga can, hannun da ban sani ba. Aka yi bincike. Hafsansu ya ce shi bai ba da wani saƙo a aika ranar ba, ba ya ma sansanin. Ke nan maganar Tanko ce ta kansa, ya ci mabuɗin gwamnati don ya gaya mini abin da ba ya so kowa ya ji sai ni. Mai dafa musu abinci ya ce ya gan shi ya fito da tef ya ƙone a garwa, ya dama toka yadda aka koya mana, ya share ɗakin, ya rataye makulli a ƙusa, ya bi hanyar bakin ruwa ba tare da jaka ba. An rasa kwalekwale ɗaya ranar, amma an ce a can kwalekwale yakan kwance ya tafi ko ba dalili. Ba a ga gawa ba, ba a ga mutum ba. Takardar shirmen da ta fito a injina aka aika wa manya, suka dawo da amsar da na riga na sani, sannan ita ma aka sa mata wuta.

Tun kafin a aika takardar, ni aka bar wa kai labari Manga. Aka taru a ƙofar gidansu, Inna tana zaune a kan turmi, Rifkatu a bayanta da yaro a gefe. Na faɗi duk abin da ya faru, ban rage ba. Kawun Tanko, tsohon soja ne shi ma tun na zamanin Turawa, ya ce ai sai a kai takardar Kaduna, in ta gagara a kai Ingila, tunda mutum ne ya ƙulla mutum zai kwance. Na yi ta ƙoƙarin fahimtar da shi. Na ce ba wuya ce ta yi yawa ba, abin kwancewar ne babu. Daga wannan shirmen, in ka zauna ka ƙirƙiro mabuɗi, za ka iya fitar da duk maganar da tsawonta ya kai haka. Wani mabuɗin zai ba ka ina nan tafe, wani ya ba ka ku yafe mini, wani ya ba ka labarin kifi, kuma ba abin da zai nuna maka wanne ne gaskiya. Tsohon ya dube ni kamar na zage shi. Inna ce ta yi magana, da yarenmu, a hankali. Ta ce tunda ba wanda ya ji ɗanta ya ce ya mutu, kada wanda ya yi mata kuka a gida.

Haka aka zauna. Ba a yi makoki ba. Fasto in ya zo kan sunansa a coci sai ya ce a yi addu'a domin matafiyi. Tsofaffi suka so a tara kabari ko babu gawa, a ɗora masa tukunya kamar yadda ake yi wa namiji, Inna ta ce sai dai bayan ranta. Gari kuwa bai rasa abin faɗi ba. Wasu suka ce ruwa ya ci shi, wasu suka ce ya auri 'yar masunta ya canja suna, wasu suka ce gudu ya yi. Wannan ta ƙarshen ce ta fi ciwo, don a ƙasarmu an fi yafe wa ɓarawo a kan sojan da ya gudu. Ni kuma ga amana a wuyana ban san ko mece ce ba. Ya tafi yana ganin na ji. Wannan shi ne abin da ya fi damuna har yau, cewa ya juya baya da kwanciyar rai, ya ɗauka ya sauke kayansa a hannun da ya dace. Sai na ce to, tunda ban san wanne ya ce ba, bari in yi duka. Na nome gonar Inna. Na sa yaron makaranta. Da na sami hutu na tafi har bakin ruwan nan, na yi ta bin masunta da hotonsa, suna girgiza kai. Da Inna ta kwanta ciwon ajali ni na yi jinya, ni na sa ta a rami. Duk abin da mutum zai iya barin wa ɗan'uwansa na yi, sai guda ɗaya da ba a yinsa ta fuska biyu.

Rifkatu ta rage ita kaɗai a gidan, ba matar aure ba, ba gwauruwa ba, tana tsufa a tsaye. Shekaru sun ja, sai wani malamin asibiti daga Ribah, wanda matarsa ta rasu, mutumin kirki mai sanyin magana, ya aiko yana nemanta. Fasto ya ce ba zai ɗaura aure a kan matar da ba a tabbatar mijinta ya mutu ba, sai dangi sun yanke. Dangi suka ce ai Tanko da kansa ya ce ya bar mini, don haka maganar tawa ce. Na ce abin da ya bar mini ban gan shi ba. In na ce ta yi aure, wataƙila cewa ya yi in riƙe masa ita har ya dawo. In na ce ta jira, wataƙila cewa ya yi in sake ta tun ranar, ni kuma na ɗaure ta duk shekarun nan. Da in yi wa mutumin da ya amince da ni ƙarya a bakinsa, gara a ce na kasa. Aka watse ana jin haushina. Ni ma haushin kaina nake ji, da na injin, da na sajen da ya koya mana aikin da kyau haka.

Lokacin girbi ne Rifkatu ta same ni a gona da hantsi, ta kawo mini abinci. Ta jira na ci, ta zauna a kan damin dawa tana kallon ƙafafunta.

"Yaya," ta ce, "ba na zo in tambaye ka mi ya ce ba. Na gaji da wannan tambaya. Amma ka ce ka san hannunshi."

Na ce na sani.

Ta ɗauki murfin kwanon ta miƙo mini. "To buga mini yadda ya buga."

Ban taɓa gaya wa kowa cewa ina riƙe da shi ba. Ban ma san ina riƙe da shi haka ba sai da na ɗora yatsu a kan murfin. Na fara a hankali yadda ya fara, na ɗan yi sauri inda ya yi, da na kai tsakiya na tsaya. Na riƙe shirun gwargwadon yadda ya riƙe shi. Ba ka jin komai sai ganyen dawa da wata kurciya can nesa. Rifkatu ba ta motsa ba. Sannan na ƙarasa, ɗaya-ɗaya, da nauyi.

Ta ce in sake. Na sake.

Ta tambaye ni ko ya saba tsayawa haka. Na ce bai taɓa ba. Amma na gaya mata gaskiya, kada ta ɗora komai a kan wannan. Tef yakan maƙale, iska takan ɗauke magana ta dawo da ita, wani yana iya leƙowa ɗaki mutum ya ɗaga hannu. Shiru ba shaida ba ne.

"Na ji," ta ce. "Kai ka san inji, ni na zauna da mutumin. In da 'ta jira ni' ce zai ce maka, da gudu zai faɗe ta, shina dariya. Wannan ba ta da nauyi. Ba abin da ke tsai da Tanko haka sai abin da ba ya so ya faɗa, kuma dole ya faɗa."

Na ɗage yatsuna. Ta karɓi murfin ta rufe kwanon, ta ɗaure shi a ɗankwali, ta miƙe ta kakkaɓe zaninta.

"Ka gaya ma fasto ya sa ranar addu'a," ta ce. "Tsofaffi kuma su nemo tukunyarsu."

Ta bi kunya-kunya ta tafi, ina ganin kanta yana ɓacewa cikin karan da ba a kwantar ba. Sai da ta kai bakin gona na ji ta saki kukan, irin kukan mutuwa na matanmu, mai tsawo, wanda ke hawa dutse ya dawo. Matan da ke girbi a gonakin kusa suka ajiye abin da ke hannunsu suka amsa mata, ba wadda ta tambayi kukan wa ake yi.